Gwanayen Ɗaurin Kaya da Roba a Ƙasar Rake da Tumatir

Raken da ake kankarewa a bakin titi a Zariya ko Kano ko Kaduna, in dai daga ƙasar Makarfi ko Kudan ya taso, ya yi wani zango da mai shansa bai san da shi ba. Babbar mota ba ta shiga fadama. Tsakanin inda aka sare raken da inda motar take tsaye akwai burtali, akwai kwari, akwai yashi mai shanye taya, kuma masu ratsa wannan tazara su ne babur da keke da amalanke. Haka tumatirin Ikara yake fitowa daga lambu, haka tattasai da attaruhu, haka masarar kaka, haka ma buhun takin zamani yake shiga ƙauye idan damina ta kawo kai. Abin da ke riƙe da wannan dukiya a bayan babur baƙar roba ce da aka yanko daga mataccen tif, wadda in ka gan ta yashe a ƙasa ba za ka sunkuya ka ɗauka ba. Amma a hannun wanda ya iya, tana aikin da igiya ba ta iyawa, kuma iyawar nan ilimi ce mai zurfi, ko da yake ba a ba kowa takardar shaida a kanta.

Mutum zai iya tambaya, me ya kai mu ga roba alhali ga igiya? Ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa igiya ba. Akwai ta rama, akwai ta kaba, ga ta nailon ta zamani, kuma da igiya fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna ɗaure kaya a bayan jakai har Gwanja. Aibin igiya ɗaya ne: tsawonta ba ya canjawa, kaya kuwa yana canjawa. Ka ɗora buhun masara a kan kariya ka ɗaure tamau, ka ɗan taɓa tafiya a hanya mai gargada, ƙwayar za ta zazzagu ta zauna, buhun ya lotsa, igiyar da ka ja da iya ƙarfinka ta yi sako-sako. Daga nan kowane rami sai ya ƙara gusar da buhun gefe guda har ya rinjayi babur. Roba kuwa da zarar an ja ta an ɗaure, ja take yi ba ta fasawa. Kaya ya lotsa ta bi shi, ya yi tsalle a rami ta dawo da shi mazauninsa. Ƙarfin da mai ɗauri ya zuba mata a bakin gona yana nan a jikinta har kasuwa. Wannan ajiyayyen ƙarfi shi ne amfaninta, kuma shi ne haɗarinta, domin ranar da ta kuɓuce a ƙiftawar ido take mayar da shi, ba ruwanta da wanda ke tsaye a gabanta. Duk gwanintar ɗaurin roba a nan take: sanin yawan ƙarfin da za ka ba ta ajiya, da inda za ka tsaya lokacin da kake ba ta, da yadda za ka karɓe shi ba tare da ta watsa maka a fuska ba.

Aikin yana farawa tun daga rumfar mai faci. A nan tif ɗin da ya sha faci har ya gaji yake ƙarewa, kuma a nan masu babur suke zuwa nemansa. Ba kowane tif ne yake yi ba. Na keke siriri ne, ya dace da ƙananan kaya. Na babur yana da dama-dama. Wanda ake rububi shi ne na babbar mota ko na tarakta, saboda kaurinsa da faɗinsa. Kafin a yi ciniki, gwani zai kama wani sashe ya ja shi a gaban haske yana dubawa. Idan ƙananan tsaguwa suka bayyana a fatarsa, rana ta riga ta cinye shi, sai ya ajiye. Zai kuma sake shi ya ga yadda yake komawa, domin tif iri biyu ne ko da yake launinsu ɗaya. Akwai na danƙon itace, wanda tun da Charles Goodyear ya gano dafa shi da farar wuta a 1839 ya daina narkewa a zafi yana sandarewa a sanyi, har John Dunlop ya yi tayar keke mai iska da shi a 1888. Wannan yana miƙewa sosai, yana komawa da zafin nama, shi ya sa yara masu harbin tsuntsu suka fi son sa, amma ba ya jure rana. Akwai kuma wanda ake haɗawa daga sinadaran man fetur, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1937, kuma ya fi riƙe iska. Shi yana komawa a natse, kuma ya fi daɗewa a rana. Mai ɗaurin kaya a Hunkuyi ba ya bukatar wannan tarihi. Yatsunsa sun san bambancin.

Yanka shi ma aiki ne na mai haƙuri. Za a cire wurin bawul a jefar, a shimfiɗa tif a kan katako, a jiƙa reza ko almakashi da ruwa don su bi jikin robar sumul. Mai son zobe sai ya yanka a gicciye, ya sami madauri marasa baki na ƙananan ƙunshi. Mai son doguwa sai ya riƙa yanka yana zagaya tif ɗin a karkace, har ya fitar da tsiri guda mai gaba da yawa ba tare da ƙulli ko ɗaya a tsakiya ba. Faɗin kamar yatsu biyu ne, ko uku idan kayan nauyi za a ɗaure. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda mai yankan yake tsare gefen. Ba ya yarda reza ta ciji robar ta bar ɗan tsini, domin ya san daga wannan ɗan cizo yagewa take farawa. Robar da gefenta ya fita santsi tana iya shekara tana aiki. Wadda aka yanka da gaggawa kuwa, ranar farko da aka ja ta sosai sai ta rabu biyu daga inda rezar ta kauce. Idan yankan ya zo kan tsohon faci, sai ya kauce masa, saboda wurin ba ya miƙewa daidai da sauran jiki.

Sai ɗaurin kansa. A tsaya a bakin lambu da sassafe a yankin Ikara lokacin kakar tumatir a kalli yadda ake ɗora kwando. Mai babur zai fara kafe babur a kan jak na tsakiya, a wuri mai tauri, ba a kan yashi ba. Zai gitta katako a kan kariya don mazauni ya yi faɗi, ya ɗaure katakon shi kaɗai tukuna. Sannan su kama kwandon su biyu su ɗora, su turo shi gaba har ya kusa taɓa bayan mai tuƙi, domin nauyin ya zauna a kan tayar baya. Idan ya zarce ta, gaban babur sai ya yi sakayau, kan ya riƙa rawa a hannu. An riga an rufe bakin kwandon da takarda ko ciyawa. Yanzu sai ya zaro robarsa, ya naɗa bakinta sau biyu a ƙarfen kariya yana danne farkon da na biyun, ya ja ta sama ya haye kwandon. A nan ake gane gwani: ba ya bari robar ta bi ta kan tsakiyar tumatir. Ta kan bakin kwandon take bi, inda saƙar take da ƙarfi, don ta danne kwando ba ta matse abin da ke ciki ba. Ya sauko ɗaya gefen, ya zagaya ƙarfe, ya danne da babban yatsa kada abin da ya ja ya koma, ya sake hayewa a gicciye. Yana yi yana karkatar da fuskarsa gefe, ba ya taɓa leƙa layin da robar ta bi. Da ya zo ƙarshe ba ya ƙulli. Sai ya ɗaga zagayen ƙarshe ya soke wutsiyar a ƙarƙashinsa, robar ta danne kanta da kanta. Sannan ya kama kwandon ya girgiza. Idan kwando ya motsa shi kaɗai, ɗauri bai yi ba. Idan babur gaba ɗaya ya motsa tare da shi, to an gama.

Duk wannan ba ya ɗaukar lokacin da za a sha kofin shayi, amma kowane motsi da dalilinsa. Abin da ya sa ƙulli bai zama dole ba shi ne roba tana cizon roba, kuma kowane zagaye da aka yi a jikin ƙarfe yana ninka riƙon wanda ya gabace shi. Ƙulli a jikin robar da aka ja kuwa ɗaurin kawo-wuƙa ne, yana shigewa cikin kansa, ranar kwancewa sai an yanka, an yi asarar tsawo. Abin da ya sa kuma gwani ya fi son zagaye biyar masu matsakaicin ja a kan zagaye biyu da aka ja kamar za a tsinke, shi ma akwai lissafi a ciki. Tun a 1678 Robert Hooke na Ingila ya bayyana cewa abu mai miƙewa yana ƙara turjiya gwargwadon yadda aka ja shi. Abin da ke biyo bayan wannan shi ne idan ka ninka miƙewar sau biyu, ƙarfin da ya taru a ciki kusan sau huɗu yake ninkuwa. Roba ma ta wuce nan, domin idan ta kusa iyakarta sai ta ƙanƙame ta yi tauri farat ɗaya. Mai ɗauri yana jin wannan taurin a tafin hannunsa, kuma yana tsayawa tun kafin ya kai can. Yana bar mata sarari don idan babur ya faɗa rami kaya ya yi sama, ta sami inda za ta ƙara miƙewa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ji Hausawa. A wannan sana'a hannu ne mudun.

Kowane kaya da halinsa. Rake dogo ne, jikinsa santsi, yana son zamewa ta tsawonsa, don haka ana sarƙa shi kai da gindi domin damin ya yi kauri ɗaya, a ɗaure damin shi kansa a wuri biyu ko uku kafin a haɗa shi da babur. Mai fito da rake daga Gazara ko Gubuchi zuwa bakin titi ya san cewa idan sanda ɗaya ta fara zarewa daga tsakiya, damin ya rame, sauran ma za su biyo ta; roba ce kaɗai ke rufe wannan giɓi tana tafiya. Mazarƙwaila kuwa, wadda ake dafawa daga ruwan raken nan, tana farfashewa idan aka matse, sai a sa ta a kwali ko kwando, roba ta riƙe mazubi kawai. Jarkar ruwa cikakkiya ta fi rabi sauƙin ɗauka, saboda ruwan rabin jarka yana kai da komo yana fizgar babur. Jarkar fetur tana da nata sharrin: abin da ya tsiyayo daga bakinta yana jiƙa roba ya kumbura ta ya kashe mata ƙarfi, shi ya sa mai hankali yake ware robar fetur daban, kuma ba ya daɗewa da ita. Akwai kuma wutsiyar da aka bari tana lilo. Idan ta taɓa salansa ta narke, idan ta shiga tsakanin sarƙa da taya ta naɗe, tana iya tsayar da tayar baya ana cikin gudu. Gwani ba ya tayar da babur sai ya zagaya ya tabbatar babu abin da ke reto.

Wurin da na ga hankalin masu wannan aiki ya fi fitowa shi ne ɗaukar dabba ranar kasuwar Makarfi. Akuya ko tunkiya ko kaji, da igiya ko tsumma ake ɗaure musu ƙafa, roba tana kan kwando ko akwatin da aka sa su. Na taɓa jin wani dattijo yana hana ɗansa, ya ce, "Kai, cire robar nan daga ƙafar akuyar mutane. Kafin mu kai kasuwa ƙafar ta mutu." Gaskiya ya faɗa. Halin nan na ja ba fasawa, wanda ya sa ta dace da buhu, shi ne yake tsayar da jini idan aka naɗa ta a jikin mai rai. Ina fata a ce wannan sani ya bi mutane har fadama da dare, domin har yanzu idan maciji ya sari mutum akwai masu rarumar robar babur su ɗaure masa ƙafa tamau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hani da irin wannan ɗauri mai tsayar da jini. Ba ya kashe dafi, kuma yana iya jawo a yanke ƙafar. Abin da ake so shi ne a hana ƙafar motsi a garzaya asibiti.

Roba ba ta tsaya kan babur ba. Da rani, masu noman lambu da 'yan ƙwadago da ke kwana a bakin gona suna tsaron injin ban-ruwa, da ita suke kafa ɗan zangonsu. Ana kafa sanduna, a yafa tamfol, a ɗaure kusurwoyinsa da turaku. Wanda ya ɗaure da igiya zalla zai ga aikinsa ranar da hadarin farkon damina ya taso da iskarsa daga gabas: iskar za ta fizgi tamfol, igiya ta ƙi sakin ko kaɗan, sai idon tamfol ya yage ko turke ya tumɓuke. Wanda ya sa ɗan tsirin roba tsakanin igiya da turke kuwa, rumfarsa sai ta rusuna wa iskar ta sake miƙewa. Haka masu rumfunan kasuwa suke yi, haka makiyaya idan sun ɗora leda a kan bukkarsu a mashekari. Sai dai turken da roba take ja shi ma makami ne. Idan aka kafa shi a tsaye cikin ƙasar da ruwa ya jiƙa, yana iya tsirgewa ya taho da gudu ta inda robar take ja, wato cikin rumfa inda mutane suke kwance. Don haka ake kafa shi a karkace, kansa yana kallon waje, a buga shi ya nutse sosai, a kuma karkatar da rufin don ruwa kada ya taru ya yi tafki a kai ya ƙara wa robar nauyi. Ita ce kuma ake naɗawa a mahaɗar mesa da bakin injin ban-ruwa, zagaye bisa zagaye, har iska ta daina shiga injin ya ja ruwa.

A 'yan shekarun nan wata roba ta shigo, wadda ake samu a shagunan kayan babur na Sabon Garin Zariya da kasuwannin ƙauye: mai launi-launi, zagayayya, an lulluɓe ta da saƙar zare, da ƙugiyar ƙarfe a kowane baki. Tana da kyan gani, tana da sauri, ba ta bukatar koyo, kuma a nan matsalarta take. A ganina ta fi baƙar robar tif haɗari nesa ba kusa ba. Saƙar da ke jikinta tana ɓoye siraran robobin da ke ciki, suna iya tsintsinkewa ɗaya bayan ɗaya ba ka sani ba. Tsawonta ƙayyadadde ne, don haka idan ta gaza kai wa ƙarfe da ɗan taƙi, mutum sai ya ƙara ja, ya sunkuyo da fuskarsa daidai kan layinta yana neman inda zai maƙala. Ƙugiyar kuma sau da yawa waya ce mai laushi, tana iya miƙewa ko ta zame. Robar tif idan ta tsinke bulala ce, ta tsula maka ta bar shati. Wannan kuwa ƙarfe take harbowa, kuma tsayin kaya a bayan babur daidai yake da fuskar mutumin da ya sunkuya. A ƙasar Ostireliya raunin ido daga irin wannan roba ya yi yawan da har doka ta wajabta a liƙa mata gargaɗi kafin a sayar, cewa kada a ja ta fiye da kima, a kawar da fuska da jiki daga hanyar da za ta komo, kuma a daina aiki da ita idan ta fara lalacewa. Masu ƙera ta da yawa suna cewa kada ƙarin da za a ja ya wuce rabin tsawonta. Dattijon da ke lodi a Tashar Yari bai karanta wannan takarda ba, amma abin da yake faɗa wa yaransa ke nan kullum: "Matsa daga bakin roba. In za ka taya ni, tsaya ta gefe."

Akwai haɗari na biyu da ba a cika lura da shi ba, wato faɗuwa. Wanda ya jingina dukkan nauyinsa a kan roba yana ja, idan ta tsinke da baya zai tafi. A ranar 1 ga Janairun 2015, Harry Reid, jagoran 'yan jam'iyyar Democrat a Majalisar Dattawan Amurka a lokacin, yana motsa jiki da roba a gidansa ta kuɓuce masa, ya faɗi ya bugi kabad, ƙasusuwan fuskarsa suka karye, ya rasa ganin idonsa na dama. Ka lura da tsayuwar gwanin ɗauri: ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, da damtse yake ja ba da nauyin jiki ba, kuma ba ya ba rami ko tarin duwatsu baya.

Idan abin ya riga ya faru, ƙugiya ko bakin roba ya sami ido, to abin da aka yi a sa'ar farko yana da nauyi ƙwarai. Bugun yana iya sa jini ya taru a gaban ƙwayar ido, ko madubin da ke ciki ya goce, ko tantanin baya mai ɗaukar gani ya ɓamɓare, ko ƙwayar kanta ta fashe. Kada a murza, kada a danna, kada a ɗiga nono ko ruwan ganye, kada a sa kwalli. A yanke gindin kofin roba mai tsabta a kifa a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a liƙe, mutum ya zauna kansa a sama, kada a ba shi asfirin domin yana ƙara zubar jini, a tafi asibiti a ranar. Daga wannan yanki Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba nisa, ga kuma Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ko da zafin ya lafa gani ya dawo, a je a duba, domin irin wannan bugu yana iya haifar da yanar ido ko hawan jinin ido bayan watanni ko shekaru, lokacin da mutum ya manta da robar da ta same shi. Manomi ko ɗan acaba da ya rasa ido ɗaya ya rasa auna nisa yadda ya saba, kuma abincinsa a kan hanya yake.

Kwancewa ta fi ɗaurewa bukatar natsuwa, saboda a lokacin an gaji, ga mai saye yana jira, ga yara sun kewaye babur. Gwani yana fara korar yaran. Sai ya dafe zagayen ƙarshe da tafin hannu ɗaya, ya zaro wutsiyar da ɗayan, ya riƙa bin robar yana mayar da ita a hankali, zagaye bayan zagaye, bai sake ta ba sai ta yi laushi a hannunsa. Idan mai ƙugiya ce, sai ya ɗan ƙara ja don ƙugiyar ta saki ƙarfe, ya riƙe ta gam ya raka ta har ta koma tsawonta. Kuma kafin ya cire zagayen da ya rage, sai wani ya tallafi kayan, don buhu mai kilo 100 idan ya sulluɓo ba ya jiran kowa. Bayan nan ya naɗe robarsa ya cusa a ƙarƙashin sit ko cikin buhu. Barin ta a miƙe a kan kariya rana tana dukanta shi ne yake tsufar da ita da wuri.

Wani abin da ke ƙara mini girmama waɗannan mutane shi ne sun san inda robar ta tsaya. Ba za ka ga gwani ya dogara da ita wajen riƙe lodin motar a-kori-kura ko ta Kanta ba. Abin da ke miƙewa ba ya tsayar da nauyi mai yawa idan aka taka birki da ƙarfi. Kayan zai tafi gaba, robar ta bi shi. A kan mota, igiya mai kauri ko bel ɗin lodi ne ke riƙe nauyi, roba kuwa aikinta ta danne tamfol kada iska ta kaɗa shi daga nan har kasuwar Mile 12 a Legas. Ko a kan babur, idan kayan ya kai buhu biyu, za ka ga an fara da igiya don ta ɗauki nauyin, sannan a bi da roba don ta shanye girgiza. Waɗanda ke jibga wa babur abin da ya fi ƙarfinsa, har mai tuƙi ya koma kan tanki, ba gwaninta suke nunawa ba, kuma babu ɗaurin da zai gyara birkin da aka ɗora wa abin da ba zai iya tsayarwa ba.

Kayan aikin ma yana sauyawa. Akwatunan roba masu hawa kan juna sun fara shiga cinikin tumatir, kuma sun fi kwando sauƙin ɗauri tun da gefensu a miƙe yake, suna da wurin ratsa madauri. Ƙananan motoci kuma kusan duk sun koma taya marar tif, don haka mataccen tif mai kyau ba ya yawa kamar da. Wanda ya rage sai na babur da na wasu manyan motoci da tarakta, kuma idan na tarakta ya faɗo hannun mai faci a Makarfi ko Paki, ba ya kwana a rumfa. Tun kafin a cire shi daga taya wani mai babur ya riga ya ce a ajiye masa.